Makinar Baba Maigandi: In Yanke Wayoyin Ko In Bar Su?

Assalamu alaikum Hajiya Shafa'atu. Don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kuma kada ki yi mini dariya in kin ji abin da ya hana ni sukuni. Na san masu rubuto miki da maganar aure suke zuwa, ko rashin lafiya, ko rikicin dangi. Ni tawa damuwar a kan akwatin wasa take, katako da gilashi da wayoyi. Amma yau wata biyar ke nan ina ɗauke da ita a ƙirji, har ta kai ni ga yi wa aminina ƙarya sau biyu.

Ni injiniya ne, mutumin Funtuwa. Tun 1996 nake Madina ina aiki a wani asibiti, ni ke duba na'urorin da ake jona wa marasa lafiya in sun samu matsala. Matata Hassana da 'ya'yanmu suna nan tare da ni. Mujallarku takan iso mana ta hannun masu zuwa Umra, a makare, wani lokaci da maiƙon kilishi a bangonta, amma muna karanta ta har talla.

Ban sani ba ko kin taɓa ganin akwatunan wasan nan na tsaye, masu tsayin mutum, da gilashin talabijin a ciki da sandar tuƙi da maɓallai, waɗanda sai an jefa musu ƙwandala suke yarda a yi wasa. A farkon shekarun 1980 suka yi tashe. A nan makina ake ce musu. Na fara ganin ɗaya a Kaduna ina aji biyu na sakandare, a bakin wani gidan silima, na tsaya kallo har motar makarantarmu ta kusa tafiya ta bar ni. Ko taɓa ta ban yi ba. Ina jin wannan tsayuwar ce ta mai da ni injiniya.

Da na zo ƙasar nan sai na tarar ana zubar da su. Kamfanonin Yanbu sun shigo da su da can saboda ma'aikatansu baƙi, da yayinsu ya wuce aka riƙa kai su haraj, wato kasuwar gwanjo. Yanzu ina da uku a wani ɗaki a saman benenmu, wanda Hassana ke kira maƙabartar talabijin. Mu bakwai ne masu wannan ciwo tsakanin Madina da Yanbu da Jidda. Duk bayan wata biyu muna haɗuwa a wani lambu gaba da Bi'ir Ali, mu ci shinkafa da rago, mu yi gardama. Gardamar ɗaya ce kullum. Akwai 'yan asali, masu cewa a mai da kowace makina yadda ta fito daga kamfani, har kusoshinta. Akwai 'yan canji, masu kwashe tsoffin kayan ciki su sa kwamfuta mai ɗauke da ɗaruruwan wasanni, su ce ai don a yi wasa aka ƙera ta, ba don a lulluɓe ta da zane ba. Shekara bakwai ina cikin 'yan asali, kuma ni ne mai babban baki. Na taɓa ce wa wani a gaban jama'a, wanda ya farke makina ya sa kwamfuta kamar wanda ya yanka raƙumi ne ya cusa babur a cikin fatarsa. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Aminin da na ce miki na yi wa ƙarya Sa'id ne. Haifaffen nan ne, ɗan ƙasa, kakanninsa daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa suka zo hajji ba su koma ba. Shi ya karɓe ni lokacin da ban san kowa ba, shi ya samo mini gidan da nake ciki, matarsa ce ta zauna da Hassana a haihuwarta ta fari. Hausarsa rabi da rabi ce, yakan fara magana da Hausa ya ƙarasa da Larabci. Mahaifinsa, Baba Maigandi, mai gyaran rediyo da talabijin ne, ya shekara talatin da shago a unguwar Harra ta Yamma. Shekara biyu da suka wuce shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ta tafi da hannun dama da magana. Yana gane mutane, yana ji, yana amsawa da ido da hannun hagu, amma in ban da sunan Allah ba kalmar da ke fita daga bakinsa.

A watan Rabi'ul Awwal mai ginin ya ce zai rushe shagon, Sa'id ya je kwashe kaya. A can ƙurya, ƙarƙashin tamfol, ya tarar da makinar da ke bakin shagon lokacin yana yaro. Ya ɗoro ta a a-kori-kura ya kawo mini. Abin da ya ce shi ne, "Ya Muhandis, ka cire tsoffin kayan nan duka ka sa kwamfuta, halas. Ina son ranar Idi jikoki su taru suna wasa a gaban Abuya, ya ji hayaniyarsu kamar zamanin shago." Da Larabci Muhandis shi ne injiniya, Abuya kuma babana. Aikin kwana biyu ne. Na ce to, a raina ina cewa daga baya na lallashe shi a bar ta yadda take tun asali, don zanen da ke jikin akwatin, jirgin ƙarƙashin ruwa da kifaye kewaye da shi, na wani wasa ne da ban taɓa ganin irinsa ba sai a hoto.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar na buɗe ƙofar baya. Hajiya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Wasan da ke ciki ba shi ne na jikin akwatin ba. Allon lantarkin asali, wanda shi ne ƙwaƙwalwar makinar, babu shi. Baba ya samo allon wani wasa daban na wani kamfani daban, na tseren mota, ya dasa a ciki. Wannan wasan yana son gilashi a tsaye, na asali kuwa a kwance yake, sai ya sassaƙa mazaunin katako ya juya gilashin. Bakin allon bai dace da na akwatin ba, sai ya haɗa wayoyi arba'in da huɗu ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya ɗaure su da zaren ɗinkin takalmi, ƙulli bayan ƙulli, tsakanin kowane biyu faɗin yatsa biyu, ba wanda ya fi wani. Inda ya liƙe da dalma har yau yana sheƙi, bayan kusan shekara ashirin, kamar jiya ya ajiye ƙarfen. Lasifikar ta rediyon mota ce. Fankar da ke sanyaya allon daga wata na'urar ofis ya ciro ta. Kowace waya da 'yar takarda a wuyanta, an rubuta da ajami ƙanana: wuta, ƙasa, hagu, dama, ja, kore. Na daɗe ina buɗe na'urorin manyan kamfanonin duniya, masu riƙe da numfashin mutum, ban taɓa ganin tsabtar aiki irin wannan ba. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji zafin siminti.

A gefe akwai wani abu da ya ɗaure mini kai, agogon injin wanki, irin wanda ake murɗawa, an jona shi da babbar wayar wuta. Takardar jikinsa ta ce: na sallah, minti biyar. Sai na gane. In an kira sallah dole a rufe shago, masu wasa kuwa ba sa tashi. Sai Baba ya miƙa hannu baya ya murɗa, bayan minti biyar makina ta mutu da kanta, ba faɗa, ba kora, ba wanda ya ga laifinsa.

Sannan na juya ƙofar da na cire. Cikinta duk rubutu ne da fensir, daga shekarar hijira 1404 zuwa 1413. Duk gyaran da ya yi ya rubuta. "Na canza fis, Asabar, zafi ya yi yawa bana." "Sandar tuƙi ta saki, ɗan mai burodi ƙarfi gare shi." "Hoto ya karkace, na daidaita, yau aka haifi Lubna." Lubna ita ce autarsu Sa'id, tana jami'a yanzu. Akwai wani layi shi kaɗai, "Yau ban kunna ba, Inna ta rasu." A can sama kuma, da rubutun da ya fi sauran girma, ya ce, "Wanda ya buɗe wannan a bayana ya yi haƙuri da aikina. Na nemi na asali ban samu ba, na yi da abin da Allah ya hore."

Mutumin da ya yi wannan aikin shi ke ba da haƙuri. Na ɗauki almakashin waya na ajiye. Na sake ɗauka bayan mako guda na sake ajiyewa. Da Sa'id ya tambaya na ce ina jiran wasu kaya daga Jidda. Da ya sake tambaya na ce aiki ya yi mini yawa a asibiti. Duk biyun ƙarya ne. Abin da nake yi a ɓoye shi ne ƙoƙarin tayar da ita yadda Baba ya bar ta. Na share ƙura da burushin fenti, na canza ƙananan kayan da suka kumbura, na bi kowace waya da mitar awon wuta ba tare da na kwance ƙulli ko ɗaya ba. Bayan mako shida na yi bismilla na kunna.

Ta tashi. Da farko gurnani ne kawai da ƙamshin ƙura mai ɗumi, sai ɗigon haske a tsakiyar gilashi, sai ya buɗe ya zama titi, ga wata 'yar jar mota a ƙasa tana jira. Lasifikar nan ta rediyon mota ta yi ƙara tas. Na leƙa matakala na kira Hassana, ta hawo da ludayi a hannu. Ita da ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba tare da tsokana ba, ta tsaya tana kallo, na nuna mata wayoyin da rubutun ƙofar ta karanta har ƙarshe. Kamar minti huɗu muka samu, sai wani abu ya yi ƙara a baya, gilashi ya yi duhu. Ƙaramin taransifoman da ke ba gilashin wuta mai ƙarfi ne ya ƙone. An daina ƙera irinsa. Ko dai in nema daga waje, wata da watanni ba tabbas, ko in samu tsohuwar talabijin ta zamanin in ciro nata. Juma'a biyar ina zaga haraj ban dace ba. Tambaya ɗaya kawai Hassana ta yi mini ranar nan, wai na gaya wa Sa'id? Na ce tukuna. Ta sauka.

Sai na ƙara wa kaina wata. Na ɗauki hotunan cikinta na nuna wa abokina Abdulazeez. Shi injiniya ne a matatar mai a Yanbu, mutumin Jos, shi ne jagoran 'yan asali a cikinmu. Alhamis ɗin da ta biyo baya sai ga shi ya tuƙo mota tun daga can. Ya durƙusa a bayan makinar ya daɗe, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce wannan hannun gwani ne, bai taɓa ganin irinsa ba. Sannan ya ce yana da allon asali na wannan wasan na jirgin ƙarƙashin ruwa, shekara shida yana ajiye da shi bai samu akwatin da zai sa shi ba, kuma kyauta zai ba ni. Hujjarsa ita ce, mai aikin da kansa ya rubuta cewa na asali ya nema bai samu ba, to ga shi Allah ya kawo, mu cika masa burinsa. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta yi tsalle. Ganin wasan nan a cikin akwatinsa abu ne da ban taɓa zaton zan samu ba a rayuwata. Amma kafin in sa allon dole in kwance wayoyi arba'in da huɗun nan, in mai da gilashi kwance, in cire mazaunin katakon. Ashe ko na bi Abdulazeez ko na bi Sa'id, hannun Baba zai ɓace daga ciki. Kuma na san in Sa'id ya karanta wannan layin shi ma hujja zai samu, ya ce mahaifinsa da abin da ke hannu ya yi don yara su yi wasa, abin da ke hannu yau kuwa kwamfuta ce. Ni da na shekara bakwai ina sukar 'yan canji, ga shi mafi kyawun aikin da idona ya gani na ɗan canji ne.

Makon jiya aka kwantar da Baba saboda ƙoda. An sallame shi, amma ya rame ƙwarai. Wani likita ɗan garinmu da ya duba shi ya ce mini kawai mu riƙa zuwa gaishe shi, kin kuwa san abin da hakan ke nufi. Shekaranjiya Sa'id ya kira ni ya ce ba matsa mini yake yi ba, amma azumi ya matso, kuma Abuya ya gaji. Na ce in sha Allah. Ya ce ya san ba zan ba shi kunya ba.

Saura abin da ya fi yi mini nauyi. Har yau Sa'id bai san da rubutun nan ba. Bai taɓa buɗe bayan makinar ba. Da farko na ce wa kaina sai na gyara in nuna masa gaba ɗaya. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin ni kaɗai na sani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne, har ya rasu bai gane abin da nake yi da wayoyi ba. In na hau sama na karanta "wanda ya buɗe wannan a bayana", sai in ji kamar da ni tsohon nan yake, kamar ya san zan zo. Na san ba daidai ba ne.

Hajiya, me zan yi? In rufe ido in yanke wayoyin in sa kwamfuta kamar yadda na yi alkawari, a samu abin kunnawa ranar Idi? In karɓi allon Abdulazeez? Ko in ci gaba da neman abin da ya ƙone, alhali ban san kwana nawa suka rage wa mai aikin ba? Kuma da wane baki zan fuskanci Sa'id? Na turo wannan ta faks daga ofis don kada ta daɗe a hanya.

Naki,
Injiniyan da ya kasa yanke waya
Madina, Sha'aban 1424 (Oktoba 2003)

*

Wa alaikumus salam, Injiniya.

Ban yi dariya ba. Ban san komai game da makina ba, rediyon ɗakina ma in ya yi shiru dukansa nake yi, amma sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma wurin agogon injin wankin nan sai da na ajiye takardar na yi wa tsohon nan addu'a. Na tsallake da wasiƙarka gaban waɗanda suka riga ta, na kuma tura maka amsar nan ta lambar da ka turo da ita tun kafin a buga, don matsalarka ba ta jiran mai zuwa Umra.

Abokanka biyu kowa da gaskiyarsa. Abdulazeez bai yi kuskure ba da ya ce a adana abu yadda aka ƙera shi, don in kowa ya farke nasa, nan da shekara ashirin ba wanda zai san yadda abin yake tun farko. Sa'id ma bai yi kuskure ba. Shi ba kayan tarihi yake nema ba, mahaifinsa yake son ya ji gida ya cika da hayaniya ko sau ɗaya ne kafin abin da Allah zai yi. Wannan buri ne mai kyau, kuma makinar tasu ce, ba taka ba, ba ta mutanen lambun Bi'ir Ali ba.

Amma akwai abin da ya ba ni mamaki. Kai da Abdulazeez kun durƙusa kuna fassara abin da Baba Maigandi yake nufi, har ka riga ka tsara yadda Sa'id zai fassara shi. Wanda ya rasu ake yi wa haka. Mai rai tambayarsa ake yi. Da bakinka ka ce yana ji, yana ganewa, yana amsawa da hannun hagu. Wata biyar kana karanta rubutun mutum kamar wasiyya, alhali yana kwance a cikin garin da kake.

Maganar ƙofar nan kuma, ba zan sassauta maka ba. Na yarda da kai yake, kai ne wanda ya buɗe a bayansa, kuma samun uba a sana'a ba abin kunya ba ne. Wannan layin ɗaya ka riƙe shi, naka ne. Amma ranar haihuwar Lubna ba taka ba ce, ranar rasuwar kakarsu ba taka ba ce. Amana aka ba ka ta katako da wayoyi, sai ka tarar da wata amanar a ciki wadda ta fi ta farko nauyi, ka zauna a kanta. Ƙaryar kayan Jidda ƙarama ce a kan wannan. Hassana ta gaya maka tun ranar, da tambaya ɗaya, kuma ka ji ta.

Ka kira Sa'id cikin makon nan, kada ka bari azumi ya kama. Ka hau da shi sama ka buɗe masa bayan makinar, ka miƙa masa ƙofar, ka taya shi karanta ajamin in ya sarƙe masa. In ya gama, ka faɗa masa ƙaryar biyu da sunansu, ba kwana-kwana, ka faɗi dalilin da ka faɗa mini, har na mahaifinka. Wataƙila ya yi fushi, yana da haƙƙi. Ka bar shi ya yi. Mutumin da ya ce ya san ba za ka ba shi kunya ba ya fi cancantar ya ji daga bakinka da ya tsinta daga baya.

Daga nan, in shi da likita sun yarda, ku kai wa Baba ƙofar. Ku tafi da allon Abdulazeez ma ya gani da idonsa, abin da ya nema shekara ashirin da suka wuce. Ku tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, a hankali: a bar aikinsa, a mai da na asali, ko a sa kwamfuta. Ka shirya zuciyarka, don yana iya nuna abin da ba ka so. Masu gyara irinsa ba su cika ɗaukar aikinsu da girman da muke ɗauka ba. Duk abin da ya zaɓa ka yi shi da hannu biyu. In ya gaji ya kasa zaɓa, hukunci na 'ya'yansa ne. In kuwa aka ce a cire, ban ga dalilin almakashi ba. Ka ɗauki hoto, ka kwance a hankali, ka ajiye wayoyin da ƙullinsu da takardunsu a akwati ɗaya ka ba iyalinsa. In ni aka tambaya, a bar aikin tsohon nake so. Kamfani ya ƙera irin waccan da yawa ko da sun yi wuyar samu yanzu, wannan kuwa guda ɗaya ce.

Maganar Idi ba ta da wuya kamar yadda ka ɗauka. Kana da makina uku a sama. Ka zaɓi wadda aka fi samun irinta, ka sa mata kwamfutar, aikin kwana biyu in ji ka, ka kai gidan Baba jikoki su yi ta hayaniya. Na san abin da zai yi maka ciwo. Za ka je lambu a tuna maka raƙumi da babur. Ka bar su su yi dariya, ka nemi mutumin nan da ka kunyata ka ce masa ka gane. In za a yi sadaukarwa don alkawarin da kai ka ɗauka, daga kayanka ya kamata ta fito.

Abin da ya ƙone kuma, ka bar wahalar haraj tukuna. Ka tambayi Sa'id inda ya kai sauran kayan shagon. Mutumin da ke rubuta ranar da ya canza fis ba ya zubar da tsohuwar talabijin, kuma zan yi mamaki in bai ajiye wa makinarsa na canji ba. Ɓoye-ɓoyenka ne ya hana ka yin wannan tambayar tun wata uku da suka wuce. In ba a samu ba, tsoffin masu gyara na Harra, sa'o'insa, suna nan da akwatunansu, kuma za su buɗe wa ɗan Maigandi abin da ba za su buɗe wa baƙo ba.

Abu na ƙarshe. Kada ka jira sai makinar ta tashi kafin ka kai masa ita. In iyalinsa sun amince, ka sauko da ita ka ajiye a ɗakin da yake kwance, bayanta a buɗe yana kallo, ka riƙa zuwa bayan la'asar kana aikin a gabansa. In ka kama wayar da ba ita ba zai ɗaga hannun hagu ya nuna maka. Shekara biyu ke nan ana juya shi, ana ba shi abinci a baki, ana tambayarsa ya jiki. Ina zaton a cikinsu ba wanda ya zo ya ce masa, Baba, na kasa, nuna mini.

Allah ya ba shi sauƙi, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya kai mu azumi lafiya. Allah ya bar zumuncinka da Sa'id. Ka gaida Hassana, kuma in ka shiga Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ka sa ni a addu'a.

Taku,
Hajiya Shafa'atu